Shekarar da Aka Aske Mini Tukku

Bana zafin agazari ya zo da ƙarfinsa. Ruwa ya ɗauke, hatsi ya nuna, iska ta tsaya cik, ba ka jin komai sai ƙamshin karan da ke bushewa a tsaye yana shigowa har cikin gari. A irin wannan lokaci ake buɗe makarantu, shi ya sa gidanmu ya kwana biyu a hargitse. Jikana Nasiru ya gama lise, wato sakandare, zai tafi jami'a Yamai. Uwarsa ta cika masa buhu da ƙuli-ƙuli da yaji da gari kamar mai zuwa yaƙi, shi kuwa gogan kansa ne ya dame shi. Ya je wurin mai aski, aka kwashe masa gefe da gefe aka bar wani tsiro a tsakiya, ya dawo yana ta shafawa gaban madubi.

Na ce, "Kai, wane zakara ya ba ka aron zankonai?"

Ya ce, "Tsoho, wanga shi aka yayi. Kai da ba ka da ko sili guda, mi ka sani ga gashi?"

Na yi dariya na ƙyale shi, jika ne, bakinsa ba linzami. Amma dariyar ba ta kai ciki ba. Da wannan zafi da wannan tsiro na kansa, sai ga ni a wata kakar, zamanin Nasara, lokacin da ni ma na bar ƙaramar makaranta na shiga babba.

Ni ɗan wabi ne. Kafin a haife ni, Inna ta binne 'ya'ya a jere, kowanne sai ya fara rarrafe ya koma. Da ta sami cikina, aka kai ta gindin wata tsamiya da ke ƙasan tudu, gabas da ƙauyenmu, can wajen Lugu, inda doguwa, aljanar gidanmu, take zaune. Aka yi alkawari: in yaron ya tsaya, nata ne har ya isa aure. Alamar kuwa tukku ne a tsakiyar kai. Ana aske ko'ina a bar shi. Ranar da za a cire shi, sai an yanka baƙar akuya, a kai gashin gindin tsamiyar, a ce mata ga ajiyarki, mun gode. Aka sa mini suna Barmo, na kuwa tsaya. Babana yana salla, amma bai taɓa gardama da wannan magana ba, domin shi ya haƙa ƙananan ramukan nan da hannunsa.

A ƙaramar lakwal, wato makarantar boko ta garin sarkinmu, tukkuna bai dami kowa ba. Ajin bukka ce da zana, malaminmu, wanda muke ce wa mushe, Ba'are ne ɗan'uwanmu na ƙasar Arewa, ya san abin da tukku yake nufi. A can ni ne gwani. Ni nake tashi in karanta allo in baƙo ya zo, har kaina ya fara yi mini nauyi. Da aka yi jarrabawa aka ce ina cikin waɗanda za a kai babbar lakwal ta Dogon Dutsi, inda yara suke kwana, na yi zaton can ma jirana ake yi.

Shekarar kuwa ruwa ya yi gardama. An yi shuka ta ƙone, aka sake, ta fito, sai ruwan ya ɗauke hatsi yana tsakiyar bununi. Zangarniya ta fito dogo-dogo, in ka murza ba ƙwaya. Tun kafin kaka mata suka shiga daji tsintar ƙarangiya da anza. Anza sai ta kwana da kwanaki a ruwa ana sauyawa kafin ɗacinta ya ragu, kuma ko ya ragu yana nan a maƙogwaro har washegari. Babana ya kora jakinsa ya yi kudu wajen Kabi neman abin da za a ci. Saboda haka ranar da gardi, dogarin Nasara, ya zo tafiya da mu, Inna ba ta ɓoye ni a rumbu ba kamar yadda wasu iyaye suke yi. Ta ɗinka mini hula mai zurfi, ta miƙo mini.

Ta ce, "Tahi, an ce can ana ba ku abinci. Amma hulag ga, kak ka hidda ta gaban kowa. Ka jiya?"

Na ce na ji.

Mun isa da la'asar. Abin da na fara gani dutsen ne, ja, mai shimfiɗaɗɗen kai, yana tsaye bisa garin kamar yana ƙirga masu shiga. Lakwal tana kusa da gindinsa, gonarta ta miƙe har ƙasan duwatsu. Ɗakuna ne dogaye masu rufin kwano, da rana in ka shiga sai ka ji kamar an kife ka da tukunya. An tara yara daga ko'ina, 'yan Tibiri, 'yan Sukukutane, da 'ya'yan Fulani da aka raba da shanu suna kukan nono a ɓoye. Wani tsohon ƙarfen mota aka rataye a reshen gawo, shi ke tashe mu, shi ke sa mu layi, shi ke kai mu gona. Da safe kunun garin rogo, tsararo, kana hango gindin ƙwarya. Da rana tuwon da ba ya tsayawa a hannu. Duk da haka ya fi anza, ban raina ba.

Gwanintata kuwa a bakin ƙofa ta tsaya. Faransancin da nake taƙama da shi, 'yan gari suka ji suka fashe da dariya. Babban mushe mutumin bakin teku ne, ba ya jin Hausa, kuma an hana mu yin ta. Wanda aka kama yana yi, a rataya masa ƙashin jaki a wuya ya yini da shi. Ni da nake tashi in karanta wa baƙi allo, sai na koma bencin baya na zama bebe. In an tambaye ni, amsar tana cikin kaina, amma kafin in juya ta zuwa bakin mushe wani ya riga ni. Na yi kewar gida har ina jin ta a ciki kamar yunwa ta biyu.

Ba mu daɗe da zuwa ba aka ce duk sababbi su fito gindin gawo, za a yi aski saboda ƙwarƙwata. Manyan ɗalibai ne masu askin, kowa da askarsa da ƙoƙon ruwa. Na koma ƙarshen layi ina riƙe da hulata, ina fatan ƙarfe ya buga kafin a zo kaina. Bai buga ba. Wanda na faɗa hannunsa wani dogon saurayi ne, Namata, ɗan cikin gari. Ya fizge hular yana wasa, sai hannunsa ya tsaya a sama. Tukkuna ya kai kafaɗa a lokacin, a kitse, da wuri guda a bakinsa. Yaran Arewa da ke kusa suka ja da baya, surutu ya mutu.

Namata ya sunkuyo, ya manta da ƙashin jaki, ya ce da Hausa, "Na wa na?"

Na ce, "Na doguwar gidanmu na."

Ya ajiye askar ya tafi wurin mushe. Na ga yana magana yana nuna ni, mushe yana girgiza kai. Sai mushen ya zo da kansa, ya dube ni, ya yi magana a hankali. Ba mugu ba ne, Allah ya sani, daga baya shi ya riƙa ba ni littattafansa. Abin da na tsinta cikin maganarsa shi ne a nan kowa ɗaya ne, ba ɗan sarki ba ɗan boka, kai ɗaya aski ɗaya. Na buɗe baki in gaya masa ramukan da babana ya haƙa, da tsamiya, da akuyar da ba a yanka ba. Faransancina bai kai can ba. Abin da ya fito kawai shi ne, "A'a, mushe." Ya dafa kafaɗata ya wuce.

Namata ya ɗauki askar. Ya ce, ba da ni yake ba, yana duban dutse, "Ke shaida, ba ni na so ba, sa ni anka yi." Na ji sanyin ƙarfe a wurin da ƙarfe bai taɓa taɓawa ba, sai iska ta sauka a tsakiyar kaina. Kafin in share hawaye in duba ƙasa, masu shara sun haɗa gashin kowa wuri ɗaya, sun kwashe, sun zuba a ramin taki bayan madafa.

Kwanakin farko ba abin da ya faru, har na fara cewa ashe tsoron banza ne. Lokacin muna yankan ɗan hatsin da gonar lakwal ta yi. Ana fita aji da hantsi a shiga gona, kowa da kunyar da zai bi, manya suna yanka, mu muna tarawa muna ɗaure dami. Rana tana dukan sabon aski kamar ana ɗora maka garwashi. Ƙaiƙayi ya cika wuya, ciki ba komai, in ka miƙe da sauri sai duniya ta yi baƙi.

Wata rana, rana tana tsaka, inuwa ta shige ƙarƙashin ƙafa, na ɗago daga ɗaurin dami. Sai na ji shiru. Tsuntsayen da ke damunmu tun safe sun yi tsit, ko kara ba ya motsi. A can ƙarshen gona, wajen dutse, wata mace tana tsaye cikin karan hatsi. Karan shekarar ya fi babban mutum tsawo, amma ita a ƙirji ya tsaya mata. Baƙin zane ne a jikinta har ka. Ban ga fuska ba, zafi yana rawa tsakanina da ita. Ba ta tafiya, ba ta aiki, tana tsaye ne kawai ta fuskanci inda muke. Na runtse ido na buɗe, tana nan. Ƙarfe ya buga, na juya, da na sake dubawa sai kara.

Na ce wa kaina yunwa ce. Washegari ma na gan ta, a daidai wannan lokaci, sai dai ba a ƙarshen gona ba, ta matso. Haka kullum. Ban taɓa ganin ta ɗaga ƙafa ba, amma kowace rana kunyoyin da ke tsakaninmu suna raguwa.

Sai zazzaɓi ya shiga ɗakin sababbi. Wani yaro Bafillace, Bello, mai tabarma kusa da tawa, shi ya fara. Bayan abincin rana akan sa mu mu kwanta har zafi ya karye. A wannan kwanciyar ya zabura ya riƙe kansa, ya ce wani ya shafa shi da hannu mai sanyi, tun daga goshi har ƙeya, a hankali, kamar mai lalube. Ƙofa a buɗe take, rana fayau a waje, ba kowa. Kafin magariba jikinsa ya yi zafi. Bayansa wani ɗan Tibiri ya faɗi haka, bayansa wani. Aka kira ma'aikacin asibiti, ya ce zazzaɓin kaka ne ya tarar da jiki ba abinci, ya ba mu kinin mai ɗaci. Mai yiwuwa gaskiyarsa. Na yi aikin asibiti ni ma daga baya, na san abin da sauro da yunwa suke yi wa yaro. Amma kinin bai hana hannun nan zagayawa ba.

Mai dafa mana abinci wata tsohuwa ce, Goggo Tamo, ba ta shiga harkar kowa. Ran nan na kai mata itace, ta dubi kaina ta daɗe.

Ta ce, "Kai na mai tukku?"

Na ce, "Ni na, Goggo."

Ta ce, "Nema takai. Ta zo ta ishe kawuna duk iri guda, ba ta gane nata ba. Shi ya sa taka bi ɗaya-ɗaya."

Maganar ta bazu. Yaran da muke ci tare suka janye akushinsu, tabarmin da ke gefena suka matsa, na zama tsibiri a tsakiyar ɗaki. Bello dai danginsa suka zo suka ɗora shi a kan takarkari suka tafi da shi, bai dawo ba, kuma har yau ban san abin da ya same shi ba. Na ji tsoro, na kuma ji nauyin yaran nan a wuyana, don na san ni ake nema. Ranar da na gan ta tsaye a bakin shingen gona, inda inuwar gawo take ƙarewa, a ranar nawa jikin ya ɗauka. Goggo Tamo ta ba matan ƙauyenmu da suka zo cin kasuwa saƙo.

Inna ta iso da rana tsaka, a ƙasa, ƙafafunta sun yi fari fat. Ta rame har na so in kasa gane ta. An shimfiɗa mini tabarma a inuwar madafa saboda zafin kwano. Ta tsaya a kaina, ba ta gaishe ni ba, ba ta tambayi jiki ba. Kaina take kallo.

Ta ce da Goggo Tamo, "Ina gashin?"

Goggo ta kai ta bakin ramin taki. Ina hango su daga inda nake kwance. Inna ta shiga ramin ta durƙusa, tana tona toka da kashin awaki da hannu. Gashin yana nan, amma ya cuɗe, ya zama dunƙule-dunƙule, na yara da yawa, duk baƙi, duk iri ɗaya. Ta nemi kitson, ta nemi wurin, ba ta samu ba. Ta daɗe a durƙushe. Sai na ga ta dumbuzi abin da hannunta ya kama, ta fara ƙullewa a bakin zane.

Goggo Tamo ta riƙe mata hannu. Ta ce, "A'a, ɗiyata. Kak ki kai mata gashin ɗiyan mutane. Kowane da uwatai."

Inna ta ce, "Shi kaɗai gare ni."

"Na sani. Su ma wasu su kaɗai na."

Ban taɓa ganin fuskar Inna kamar yadda na gan ta a lokacin ba. Ta dubi dunƙulen, ta dubi ɗakin da yara suke kwance. Sannan ta kwance bakin zanen ta zazzage shi cikin ramin, ta kakkaɓe hannu.

Na ce, "Inna, ki tahi da ni gida."

Ta ce, "In kai ka ka ci mi? Kuma ita doguwar, ba gida tah hi kusa ba?"

Ta zauna a kan turmi, ta ce Goggo ta ara mata aska. Goggo ta gane kafin ni, ta ce, "Kin san abin da kika shirin yi?" Inna ta karɓi askar. Ta kwance kallabi. Tana da gashi, Inna, duk yunwar nan ba ta taɓa shi ba, kitso ne manya har wuya. Ta jiƙa shi da ruwan tulu, ta fara daga goshi. Ba madubi, ba mai taimako, ta yanke kanta wuri biyu, jini yana bin bayan kunne, ba ta tsaya ba. Tsakar gidan lakwal ba kowa, duk ana kwance. Ƙarar askar kawai nake ji. Da ta gama ta tattara shi tsaf, ko sili ba ta bari a ƙasa ba, ta ƙulle a kallabin.

Ta miƙe da kai a buɗe, ta juya wajen shingen gona, ta ɗaga murya kamar mai yi wa maƙwabciya magana ta kan danga. Ta ce, "Ni na yi alkawali, ba shi ba. Daga jikina ya hito, gashinai da nawa guda na. Ga shi nan, ki biyo ni mu tahi gida. Ki bar ɗiyan mutane su yi karatunsu."

Ta bi hanyar da ta ratsa gona, ba ta waiwaye ni ba. Na ɗaga kai da ƙyar ina kallonta, ƙanƙanuwa, kanta yana ƙyalli a rana. Da ta kai tsakiyar gona, sai karan da ke bayanta ya fara kwantawa yana tashi, layi ɗaya, a hankali, daidai tafiyarta, alhali ko ganyen gawo ba ya motsi. Goggo Tamo ta sa tafin hannu ta rufe mini ido.

Zazzaɓina ya sauka bayan kwana kaɗan. Sauran ma suka miƙe, sanyi ya shigo, sauro ya ragu, kowa ya ba da dalilin da ya ga dama. Ban sake ganin kowa a gona ba. Tabarmi suka dawo kusa da tawa, bakina ya buɗe a aji, na bar bencin baya. Namata ya riƙa rage mini tuwonsa. Na saba da ƙarfe, na saba da layi, har na fara yi wa waɗanda suka fi ni ƙauyanci dariya.

Ba a sake mu ba sai da bazara ta yi nisa, gabas ta fara haɗa hadari. Na tarar babana ya dawo da ɗan abin da ya samo, yana gyaran gona shi kaɗai. Ya ce in shiga, tana ciki. Inna tana kwance a kan gadon kara, ba ta fi yarinya ba. An ce tun ranar da ta kai ƙullin gindin tsamiya take raguwa, ba ciwon da za a nuna, abinci ne ba ya zama. Kanta ba kallabi. Wata da watanni, ko tsiro bai fito ba, sumul yake kamar ranar da ta aske shi. Nawa kuwa ya cika, ya yi baƙi, ba a gane inda tukku ya taɓa zama.

Na durƙusa na gaishe ta. Ta ce in matso. Ta ɗaga hannu ta ɗora a tsakiyar kaina, ta nutsa yatsu cikin gashin, ta bar su a nan. Sai a lokacin na lura, tun da nake, ba ta taɓa taɓa mini kai ba. Ta yi mini wanka, ta goya ni, ta yi mini duka, amma kai ba nata ba ne, ajiyar wata ce.

Ta ce, "Ashe haka shike da laushi."

Ba ta ga shukar shekarar ba. Ruwan farko a kan kabarinta ya sauka, kuma da kaka ta zagayo na koma lakwal.